Bugun sikirin: Sana'ar da ke buga rigar kamfe a Kazaure ita ta buga hoton dala miliyan 195 a Amurka

Idan kakar zaɓe ta kama, masu buga riguna ba sa samun isasshen barci. Ana kawo fararen riguna dila-dila daga Kano, a shimfiɗa kowace a kan tebur, a ɗora mata wani firam na katako mai raga, a zuba fenti, a ja shi da roba sau ɗaya. Da an ɗaga firam ɗin sai ga fuskar ɗan takara, da tsintsiya ko lema a gefenta.

Wasu ana buga su a cikin Kazaure da Babura, wasu kuma a Kano ake gamawa a lodo su a mota. Cikin 'yan kwanaki sun bazu har ƙauyukan Roni da Gwiwa, tare da hulunan hana-sallah da fastoci. Bayan an rantsar da wanda ya ci, rigar takan koma ta zuwa gona, daga can ta zama tsumman goge babur.

Da irin wannan firam da irin wannan raga aka buga wani hoto da kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar a birnin New York ranar 9 ga Mayun 2022. Hoton fuskar 'yar fim ɗin Amurka ce, Marilyn Monroe, wanda mai zane Andy Warhol ya buga a 1964. Faɗinsa da tsawonsa ba su wuce mita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Ba a yi minti huɗu ana tayi ba aka sallama shi a kan dala miliyan 195, kimanin naira biliyan 80 a canjin hukuma na wancan lokaci.

Kayan aikin ɗaya ne, hanyar aikin ma ɗaya ce. Abin tambaya shi ne, me ake saya da wannan maƙudan kuɗi, kuma ko akwai abin da masu wannan sana'a a arewa maso yammacin Jigawa za su tsinta a ciki?

Yadda ake bugun

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon masu buga bajon makaranta ya ga aikin. Ana ɗaure wata raga mai ƙananan ƙofofi, kamar rariyar tankaɗe, a jikin firam. Sai a shafe ta da wani sinadari da ke daskarewa idan haske ya taɓa shi, a bar ta ta bushe a cikin duhu.

Daga nan a ɗora zanen da ake so, wanda aka fitar da baƙi a kan takarda mai ratsa haske, a fito da firam ɗin rana na ɗan lokaci. Inda haske ya samu ya daskare. Inda baƙin zanen ya kare bai daskare ba, don haka da an watsa ruwa sai ya wanke, ƙofofin ragar su buɗe daidai siffar zanen. Ta waɗannan ƙofofi fenti ke bi ya sauka a kan riga ko takarda.

Kowane launi da nasa firam. Zane mai launi huɗu yana bukatar raga huɗu da bugu huɗu, kuma dole kowane ya sauka daidai kan na baya, in ba haka ba ido ya koma kan kumatu. A nan ake gane gwani.

Sana'a ce da ta dace da wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, tunda rana ce ke gasa ragar, hannu kuma shi ne inji. A gari kamar Kazaure, mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ko Babura da aka kafa wa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021, aiki ba ya yankewa gaba ɗaya: rigunan ɗalibai masu kammala karatu, bajon makarantun Islamiyya, rigunan ƙungiyoyin ƙwallo, jakunkunan rabo na biki.

Sai dai sana'ar na fuskantar matsi. Injinan buga bana da na manna hoto a riga da zafi sun ƙwace ƙananan ayyuka masu launuka da yawa, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kuɗin fenti da raga, waɗanda akasari daga waje ake shigo da su, ya yi sama. Inda sikirin ya fi ƙarfi yanzu shi ne aiki mai yawa, mai launi ɗaya ko biyu, inda araha ce kaɗai abin gasa.

Mai zanen tallar takalma

Shi ma Warhol daga aikin talla ya fito. An haife shi a 1928 a Pittsburgh, iyayensa baƙi ne 'yan ci-rani daga yankin da yanzu yake cikin ƙasar Slovakia. A shekarun 1950 abincinsa shi ne zana takalman mata don tallar jaridu a New York.

A Yulin 1962 ya baje zanen gwangwanayen miyar kamfanin Campbell's guda 32 a Los Angeles, kowanne dala 100. Mutane da yawa sun ɗauki abin raha. Kamar a ce wani ya zana gwangwanin madara ko ƙunshin magi ya rataye a bango ya ce a saya.

Wannan shi ne salon da Turawa suka kira Pop Art, wanda za a iya kira zanen yayi. Masu shi sun bar zana sarakuna da dazuzzuka, suka koma ga abin da kowa ke gani kullum: kayan kanti, takardar kuɗi, fuskokin taurari. Hujjarsu ita ce waɗannan ne ainihin hotunan da suka cika idon mutanen zamani.

A watan Agustan 1962 Marilyn Monroe ta mutu tana da shekara 36. Warhol ya ɗauki wani hotonta na tallar fim ɗin Niagara na 1953, ya sa aka mayar masa da shi raga, ya shiga bugawa da launuka masu ɗaukar ido. Ya sa wa ɗakin aikinsa suna Factory, wato masana'anta, kuma mataimakansa ne ke jan fentin a lokuta da dama.

Ma'anar aikin na cikin maimaicin. Fuska ɗaya, an buga ta sau da yawa har ta daina zama ta mutum, ta zama tambari kamar na kamfanin lemo. Wani bugun fenti ya yi yawa, wani ya dusashe. Masu sharhi na ganin yana nuna yadda shahara ke cinye mai ita, ta bar hoto kawai yana yawo. Duk wanda ya ga yadda ake yayata hoton jarumar Kannywood a TikTok da Facebook, ana yabo ana zagi alhali ba wanda ya san halin da take ciki, ba ya bukatar dogon bayani.

Lambar da ke ƙasan takarda

Hoton dala miliyan 195 ɗin a kan kyalle mai kauri aka buga shi, kuma irinsa biyar ne kacal, kowanne da launin bayansa. Har da labari a tattare da su: a 1964 wata mata ta shiga ɗakin aikin ta harbi tarin hotunan da ƙaramar bindiga. Ƙarancinsu da labarinsu suka haɗu suka kai farashin inda ya kai.

Amma kasuwar da ta fi faɗi ita ce ta ƙayyadadden bugu a kan takarda. A 1967 Warhol ya fitar da jerin hotunan Marilyn guda 10, kowanne yadi ɗaya a tsaye da kwance, ya ce jeri 250 kawai za a buga. Takarda 2,500 ke nan, ban da 'yan kaɗan na gwaji. Yau takarda ɗaya mai lafiya takan haura dala dubu 100, cikakken jeri kuwa yakan kai miliyoyi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Mai zane ya bayyana adadin tun farko. A kan kowace takarda a rubuta lamba biyu, misali 37/250, ma'ana ta 37 a cikin 250. Sai ya sa hannu, akasari da fensir, domin inji ba ya kwaikwayon fensir cikin sauƙi. Akan ware wasu 'yan kaɗan na gwaji a ba mai zanen, su ma a san adadinsu. Idan an gama, a wanke ragar ko a lalata ta.

Saboda haka lambar nan alkawari ce: ba za a ƙara ba har abada. Warhol ya mutu a Fabrairun 1987, adadin ya tsaya cak, kuma kullum raguwa yake. Wata takarda ta ƙone, wata ruwa ya ɓata, wata ta shiga gidan tarihi ba za ta sake fitowa kasuwa ba. Masu so kuwa ƙaruwa suke yi.

Ko a cikin ayyukan mutum ɗaya farashi na bambanta. Ana duba ƙarancin bugun: hotunan shugaban China Mao na 1972 jeri 250 ne, na ɗan damben duniya Muhammad Ali na 1978, waɗanda Warhol ya buga daga hotunan da ya ɗauke shi a sansanin atisayensa na Pennsylvania, jeri 150 ne. Ana duba lafiyar takardar, ko rana ta ci launinta, ko an taɓa yanke gefenta. Ana kuma duba hannayen da ta ratsa tun daga fitowarta, kamar yadda mai sayen fili ke bin takardu har zuwa kan mai gonar farko.

Ɓarayin da suka bar sarauniya a titi

Wani abu da ya faru a ƙasar Holan ya nuna yadda wannan daraja take da rauni. A 1985 Warhol ya buga hotunan sarauniyoyi huɗu da ke kan mulki a lokacin: Elizabeth ta Ingila, Beatrix ta Holan, Margrethe ta Denmark, da Ntombi ta Swaziland, ƙasar da yanzu ake kira Eswatini, mahaifiyar Sarki Mswati na Uku. Guda 40 aka buga na kowane hoto a babban bugun.

A daren 1 ga Nuwamban 2024 wasu ɓarayi suka fasa ƙofar wani gidan baje zane a garin Oisterwijk da abin fashewa, suka kwashi huɗun. Da suka zo mota sai hotunan suka ƙi shiga. Suka yage takardun daga firam, suka tafi da na Elizabeth da Margrethe, suka yar da na Beatrix da Ntombi a kan titi.

Mai gidan ya bayyana cewa takardun sun lalace ta yadda ba za su gyaru ba. Waɗanda aka tafi da su ma ba su da kasuwa, domin kowace na ɗauke da lambarta, kuma duk wani dillali na gaskiya ya san lambar da aka sace. Abin da ke ba takardar tsada shi ne ya hana ɓarawo cin moriyarta.

Kama da wane ba ta wane

Tunda inji da raga ne ke aikin, jabu ba shi da wuyar yi. Tun a 1970 wasu suka fara fitar da kwafin hotunan Marilyn da sunan Sunday B. Morning, suna buga hatimi a bayan takardar da ke cewa mai saye ya sa hannunsa da kansa. Har yau ana sayar da irinsu a fili a kan 'yan ɗaruruwan daloli. A bango, daga nesa, ido ba zai raba su da na asali ba.

Rikicin tantancewa ya yi tsanani har gidauniyar da ke kula da gadon Warhol ta rushe kwamitinta na tantance ayyukansa a 2012, bayan ta kashe miliyoyin daloli a shari'a da masu hotunan da aka ce ba nasa ba ne. Yanzu dillalai sun fi dogara da babban kundin da ya lissafa kowane bugu, girmansa, irin takardarsa da inda sa hannun yake.

A 2021 wata ƙungiyar matasa masu zane a New York, MSCHF, ta sayi wani ƙaramin zanen Warhol a kan dala dubu 20, ta yi masa kwafi 999, ta cakuɗa su, ta sayar da kowanne dala 250. Wani a cikin masu sayen yana riƙe da na gaskiyar, amma ba shi da hanyar tabbatarwa, don haka nasa bai fi na saura ba.

Matan Kazaure da ke haɗa lefe sun san wannan darasi tun kafin a ji sunan Warhol. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco da kwafinta da ake shigowa da shi daga China kan zo da zane iri ɗaya a Kantin Kwari. Mai saye takan juya bakin zanin ta karanta rubutu da lambar da ke jiki, ta murza shi, wata har ta sansana. Dangin amarya ma haka za su yi ranar buɗen kai. Haka abin yake tsakanin hular Zanna Bukar ta hannu da ta inji, ko aska takwas ɗin da mai ɗinki ya shafe watanni a kanta da wadda keke ya gama a wuni guda. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

A nan yawa ne daraja

Inda aka bambanta shi ne abin da ake nema a wurin hoto. A kasuwar New York da Landan, ƙarancin abu ne ke ɗaga shi. A ƙasar Hausa, hoton da aka buga ya fi samun ma'ana idan ya yawaita.

Ɗan takara ba ya son riga 250 masu lamba. So yake a ce duk inda aka juya daga Kazaure zuwa Yankwashi fuskarsa ake gani, domin yawan fasta shi ne shaidar ƙarfi. A lokacin Maulidi, hotunan Shehu Ibrahim Inyass kan cika riguna da gilasan motoci da bayan Adaidaita Sahu, kuma wanda ya manna ba ya tunanin sayarwa wata rana. Ƙauna yake nunawa, da kuma inda ya dosa.

A Senegal abin ya fi haka fitowa fili. Hoto ɗaya na Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya, da aka ɗauka a 1913 yana tsaye cikin fararen kaya, shi ake ta maimaitawa a bangaye da motocin haya da shagunan Dakar da Touba. Ta fuskar maimaici ya zarce duk abin da Warhol ya yi. Amma da wasu tsofaffin hotunan Shehun suka ɓulla a wani gwanjo a birnin Lyon na Faransa a 2023, mabiyansa ne suka haɗa kuɗi suka saye su aka mayar da su gida. Ko a inda yawa ke da daraja, idan na asali ya bayyana ana sanin matsayinsa.

Kano ma tana da nata misalin. Marigayi Sharu Bala Gabari ya shahara da rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma an ɗauki rubutun nasa an buga dubbai ana sayarwa a Kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni har ƙetaren Najeriya. Gardi da ya sayi bugun ya samu biyan bukatarsa ta karatu. Amma kowa ya san ainihin takardun da alƙalamin Sharu ya taɓa wani abu ne daban.

Akwai kuma batun addini da ba za a tsallake ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, kuma gidaje da yawa ba sa rataye fuskar kowa a bango. Wannan bai rufe ƙofar sana'ar ba, domin al'adar ado ta ƙasar Hausa dama ba a kan fuska ta ginu ba. Zayyanar allon sauka, dagin Arewa, zanen bangon fada da na soraye, aikin sirdi da na linzami, duk siffofi ne da launuka masu kaifi, irin waɗanda raga ta fi iya fitarwa.

Daga Zariya zuwa gwanjon Landan

Ƙayyadadden bugu ba baƙo ba ne a Najeriya, kuma tushensa na da alaƙa da Arewa. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce a koyi dabarun Turawa a yi amfani da su wajen zana abin gida.

Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, shi ya fi shahara a fannin bugu. Ayyukansa na ɗauke da lamba da sa hannu da shekara, kuma suna cikin waɗanda ake yawan gani a gwanjon kamfanin Arthouse Contemporary, da ya fara gwanjo a Legas a 2008. Tun 2016 kuma ake gudanar da baje kolin ART X Lagos duk shekara, inda masu saye daga ciki da wajen ƙasa ke haɗuwa.

Labarin zanen Tutu ya nuna yadda kwafi da na asali ke taimakon juna. Ben Enwonwu ya zana wata gimbiyar Ife, Adetutu Ademiluyi, a farkon shekarun 1970. Zanen ya ɓace shekaru da dama, amma kwafinsa na rataye a gidaje da ofisoshi a faɗin ƙasar. Da aka gano ɗaya daga cikin na asalin a wani gida a arewacin Landan, kamfanin Bonhams ya yi hasashen fam dubu 200 zuwa 300. A Fabrairun 2018 aka sayar da shi fam miliyan 1.2. Kwafin da suka cika gari su suka sa kowa ya san fuskar, sanin kuma ya sa masu kuɗi suka yi rububi.

Abin da ake zubarwa

A Ghana, daga ƙarshen shekarun 1980, masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye kan sa a zana musu tallar fim a kan buhunan fulawa. Da fastocin inji suka shigo aka watsar da su. Dillalai daga Amurka da Turai suka bi suka tattara, kuma yau ana sayar da tsofaffin a kan ɗaruruwa zuwa dubban daloli, wasu suna gidajen tarihi a ƙasashen waje.

Arewa na da irin wannan dukiya, kuma tana tafiya a hankali. Akwai fastocin finafinan Hausa na zamanin kaset, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa su Sangaya da Wasila. Akwai bangon littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990. Akwai zanen da ake yi a bayan manyan motoci da allunan masu aski.

Akwai kuma takardun siyasa. A 1979, lokacin da Kazaure da Babura ke cikin tsohuwar Jihar Kano, an yi fafatawa tsakanin mabuɗin PRP da gida da masarar NPN. Bayan an ƙirƙiri Jigawa a 1991, wannan shiyya ta fitar da gwamnoni biyu: Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure daga 1999 zuwa 2007, da Muhammad Badaru Abubakar na Babura daga 2015 zuwa 2023. Kowane zaɓe an buga fastoci da riguna masu ɗimbin yawa. Takarda ce mai araha, ruwan damina ɗaya ke gamawa da ita, abin da ya tsira kuma mai ƙosai ta naɗe kaya da shi.

Ta haka abin da aka buga dubbai yake komawa ƙayyadadde ba tare da kowa ya shirya ba. Fasta ɗaya mai lafiya ta zaɓen 1979 ko ta 1999 ta fi wuyar samu a yau fiye da yadda mutum zai zata, kuma ga mai binciken tarihi shaida ce ta yadda aka yi siyasa, da irin kalmomin da aka ja hankalin talaka da su. Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna na adana kayan tarihi, amma kafin abu ya kai can sai wani ya fara ɗaga shi daga ƙasa ya ajiye a inda gara da danshi ba za su kai ba.

Dillalin da ya baje gwangwanayen Warhol a 1962, Irving Blum, ya fasa sayar da su ɗai-ɗai, ya riƙe 32 ɗin gaba ɗaya a kan dala 1,000 da ya biya kaɗan-kaɗan. A 1996 gidan adana zane na MoMA da ke New York ya karɓe su a kan kimanin dala miliyan 15. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hattara da tallar waya

Irin waɗannan alƙaluma kan ja hankali, kuma 'yan damfara sun sani. A 2021 aka yi yayin sayen hotunan intanet masu lamba da ake kira NFT, waɗanda suka ari dabarar ƙayyadadden bugu. Wani ya sayi saƙon farko da Jack Dorsey ya wallafa a Twitter a kan dala miliyan 2.9. Da ya fitar da shi kasuwa bayan shekara ɗaya, tayin farko da ya samu bai kai dala 300 ba.

Lamba kaɗai ba ta yin daraja. Sai akwai sunan da aka yarda da shi, da masu saye na gaske, da hanyar tantancewa. Ko a kasuwar Warhol farashi na hawa yana sauka, kuma kamfanin gwanjo na yankar kaso mai tsoka a kowane ciniki. Duk wanda aka turo wa saƙo a WhatsApp cewa ya zuba kuɗi a wani zane da bai gani ba, za a ninka masa cikin wata guda, ya tuna da MMM ta 2016.

Abin da mai raga zai iya gwadawa

Ba wanda zai ce matashin da ke buga bajo a Roni zai wayi gari da kasuwar miliyoyi. Masu sayen zane don ajiya ba su da yawa a Jigawa. Suna Abuja da Legas da Kano, da cikin 'yan Arewa mazauna ƙasashen waje, sai otal-otal da ofisoshi masu neman abin ƙawata bango. Amma waya ta rage nisan, kuma shigar da hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da UNESCO ta yi a Disambar 2024 ta ƙara jawo ido kan kayan adon masarautun Arewa, wanda Kazaure ma ke da nata hawan.

Gwajin ba ya cin jari mai yawa. Zane na kansa, ko na duwatsun Roni ne ko na dokin hawan sallah ko zayyana. Takarda mai kauri wadda ba ta saurin yin ja. Adadi kaɗan, 20 ko 30. Lamba da sa hannu da shekara a kan kowace, da littafi guda da za a rubuta wanda ya sayi kowace lamba.

Sai a kiyaye haƙƙin mallaka. A Mayun 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan gidauniyar Warhol kanta, saboda wani hoton mawaƙi Prince da aka samo daga aikin mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith. A Najeriya ma an sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris ɗin 2023. Sauke hoton wani jarumi daga Instagram a buga a sayar, ba tare da izinin wanda ya ɗauka ba, na iya kai mutum gaban alƙali.

Mafi wuya a cikin sharuɗɗan shi ne na ƙarshe. Idan 30 ɗin suka ƙare, wani ya zo da kuɗi a hannu yana neman ɗaya, ragar kuma tana nan a jingine, dole a ce masa babu. Mai sana'ar da ya saba da cewa yawan bugu shi ne riba zai ji abin kamar asara. Amma ranar da aka ga takarda biyu masu lamba 12/30, duk sauran 29 ɗin sun koma fasta, kuma ba wanda zai sake yarda da fensirinsa.